Cikon gefen tafkin ninkaya: tsakuwa, yashi ko ƙasar rami?

Bayan an haƙa rami an zaunar da tafkin ninkaya, akwai gibin da ke saura tsakanin bangonsa da ƙasa. Abin da aka cike gibin nan da shi ne zai riƙe bango da bututai da daɓen da ke kewaye.

Ni dai tsakuwa ce zaɓina, wato fasasshen dutse wankakke mai kusurwa, girman milimita 10 zuwa 20. Kusurwoyin suna sarƙe juna, da an zuba ta ta kama wuri, ba ta ci gaba da nutsewa. Ruwa yana bi ta cikinta ya wuce, ba ya taruwa ya danne bango. Tafkin faiba, wato wanda ake kawowa a ƙere da zaren gilashi, mai bango maras kauri, shi ya fi buƙatar haka. A riƙa zuba ta hawa-hawa, santimita 15 zuwa 30, ana cika tafkin da ruwa a lokaci guda, don matsin ciki da na waje su zo daidai. A kuma kafa bututu a tsaye har gindin ramin, domin zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa duk ranar da za a kwashe ruwan tafkin.

Yashi idan ya jiƙe sharkaf yakan malale, nauyinsa ya fi na ruwan ciki, sai ya turo bango. Ƙasar rami kuwa, musamman mai yumɓu, ta sha ruwa ta kumbura, ta bushe ta tsuke.

Abin da ya fi damuna shi ne ha'inci. Wani ɗan kwangila ya taɓa mayar mini da ƙasar rami a ƙasa, ya rufe samanta da tsakuwa. Daɓe ya zauna, ya tsage, bututu ya karye. Wasu kuma garin dutse suke haɗawa su ce wankakkiya ce, alhali ƙurar nan ita ke toshe hanyar ruwa. Har ɓaraguzan bulo ake cusawa, masu iya huda bango.

Kafin tifa ta juye, ɗebi daga tsakiyar lodin, ba daga sama ba, ka zuba a bokitin ruwa ka motsa. In ruwan ya yi kauri da laka, a mayar da kayan. A rubuta irin dutsen da girmansa a yarjejeniya, kuma ranar ciko ka tsaya a wurin da kanka tun daga zubin farko.