Zaman kondo a Georgetown

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ga amsar tambayarki game da gidan da nake aiki.

Tsohuwar da nake jinya tana zaune ne a Georgetown, unguwar da ta girmi birnin Washington kansa, domin tun 1751 aka kafa ta a bakin kogin Potomac. A nan John Kennedy ya zauna, a layin N, kafin ya tare a fadar White House a 1961. Gidanta irin wanda suke kira kondo ne, wato bene guda da kowa ya sayi ɓangarensa. Namu tsohuwar masana'anta ce ta jan bulo, aka bar fuskarta yadda take aka sabunta cikinta.

Hidima kam sai wanda ya gani. Akwai mai kula da ƙofa dare da rana, shi ke karɓar saƙo ya kira miki mota. Ga lif, ga gareji a ƙarƙashin ƙasa, ga ɗakin motsa jikin da ban taɓa ganin ya cika ba. Wani dare famfon kicin ya fara yoyo, na buga waya ƙasa. Kafin in gama goge ruwan mai gyara ya iso, ya tsaya a bakin ƙofa ya sa wa takalmansa leda don kada ya ɓata katakon daɓe. Ranar da dusar ƙanƙara ta sauka kuwa, kafin gari ya waye an share mana gaban gida. Maƙwabcinmu mai gidan kansa na hango shi da shebur yana haki, don dokar birnin ta ɗora wa mai gida share hanyar ƙafa ta gabansa.

To amma wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Abin da tsohuwar ta mallaka shi ne tsakanin bangayenta kawai. Rufi, lif, baranda da harsashi na kowa da kowa ne, kuma ana biya musu kuɗi duk wata har abada, ko da kin gama biyan kuɗin gidan. Nata ya haura dala dubu, ban da harajin gida. Masu gidajen ne ke zaɓen kwamiti a tsakaninsu, shi ke yanka kuɗin, shi ke faɗin girman karen da za a ajiye da lokacin da mai aiki zai buga guduma. Idan babban gyara ya taso asusun bai isa ba, sai a raba wa kowa nasa kason. Tun da wani bene ya rufta a Surfside ta jihar Florida a 2021, mutum 98 suka rasu, ba mai wasa da maganar asusun gyara.

Taga ce ta fi ba ni mamaki. Iska na shigowa ta tagar ɗakinta, ta so a sauya. Ashe ba a hannunta abin yake ba, ba ma a hannun kwamiti kaɗai ba. Wata doka ta 1950 ta sa duk sauyin da za a gani daga titi a unguwar sai masu zanen gine-gine uku na hukuma sun duba. Muka yi hunturu guda da tawul a gindin tagar.

Sannan duk tsadar unguwar, ba ta da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. A Rosslyn nake sauka, cikin jihar Virginia, in tako gadar Key da ƙafa. Can sababbin benaye ne na gilashi, tagogi ba sa shan iska, jirgi a bakin ƙofa. Ni da kuɗina can zan saya. Na faɗa wa tsohuwar haka ranar da nake tura kekenta a kan duwatsun layin O, tana ta girgiza kamar buhun gyaɗa. Dariya ta yi, ta ce in bi a hankali, duwatsun sun girme ta.

Ki gaishe min da Inna da yara.