Haɗin zuma da habbatussauda ga mai gashin kansar maƙoshi: abin da ya iya da inda yake cutarwa

Kwalbar zuma da habbatussauda da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci tana cikin abubuwan da dangi kan fara kai wa mai kansar maƙoshi, wato bututun da abinci ke bi zuwa ciki, da zarar an fara masa gashi a asibiti, wato ƙona ƙarin kansar da hasken na'ura (radiotherapy). A ganinmu zumar abinci ce mai amfani, amma ba ta rage ƙarin, kuma ba kowace kwalba ce ta dace da maƙoshin da ake gasawa ba.

Gashin yakan ɗauki mako biyar zuwa shida, Litinin zuwa Juma'a, galibi zama 28, tare da allurar cisplatin ko carboplatin, magungunan kashe ƙwayoyin kansa. Daga mako na biyu ko na uku cikin maƙoshi yakan kumbura ya saɓule, haɗiya ta koma azaba, kuma zafin yakan fi tsanani a ƙarshen gashin ko mako ɗaya zuwa biyu bayansa. A nan zuma take da rana. Babban cokali ɗaya yana da kalori kusan 60, yana wucewa ko da tuwo ya gagara, ga mutumin da ramewa ce babbar barazanarsa.

Batun rage zafi kuwa, sai a yi hattara. Zuma ta nuna amfani ga gyambon baki a masu gashin kansar kai da wuya, inda aka ba da mililita 20 minti 15 kafin gashi, minti 15 bayansa, sannan bayan awa shida. Amma gwajin da aka yi a Amurka da zumar Manuka ga masu gashin kansar huhu bai nuna ta rage zafin maƙoshi ba. Wanda zai sha, ya sha a zaune, a hankali, ya kurkure baki bayan haka, domin zaƙi yana ƙara wa farin naman gwari na baki ƙarfi.

Matsalar tana cikin haɗin. Wasu kwalaben ana zuba musu citta, kanumfari, masoro ko tafarnuwa, kuma duk suna ƙona wurin da ya riga ya saɓule. Tafarnuwa da citta idan sun yi yawa suna tsinka jini, alhali allurar ta riga ta rage ƙwayoyin da ke daskarar da shi. Garin habbatussauda mai tsaki-tsaki yana iya maƙalewa inda ƙari ya matse hanya. Yawancin kwalaben ba su rubuta awon abin da ke ciki ba, wasu ma dafaffen sukari ne. Tatacciyar zuma zalla ta fi su nesa ba kusa ba.

Mai ciwon sukari kada ya fara sai likita ya yarda, musamman idan ana ba shi dexamethasone, maganin rage kumburi da tashin zuciya, wanda shi ma yana ɗaga sukari. Idan tari yana sarƙe majinyaci duk lokacin da ya haɗiyi ruwa, a dakata a koma asibiti a ranar. Ana iya samun huda tsakanin maƙoshi da hanyar numfashi.

Babbar asarar ita ce a tsallake zaman gashi don a "gwada na gida" na mako guda, domin a kwanakin da aka rasa ƙwayoyin kansar suna sake hayayyafa. Kafin zama na farko, a kai kwalbar kanta gaban likitan gashi, ba sunanta kawai ba, ya duba ta tare da sakamakon gwajin jini, hanta da ƙoda.