Aston Martin DB5 ko DeLorean?

Gardamar ta ɓarke ne a teburin mai shayi a Farin Gada, cikin sanyin Jos. Baba Kanike ya kafe a kan Aston Martin DB5, motar James Bond a fim ɗin Goldfinger na 1964. Ƙirar Ingila ce, ruwan azurfa, ga bindigogi ɓoye a gaba, lambarta tana juyawa, kujerar fasinja kuma tana cilla mugu ta rufi. "Yaro, ko ka cire kayan yaƙin, mota ce ta gaske," in ji shi.

Ni kuwa DeLorean, motar fim ɗin Back to the Future na 1985, ta fi kwanta mini. Jikinta ƙarfe ne marar tsatsa, ba fenti, ƙofofinta suna buɗewa sama kamar fukafukan shirwa. A fim, da ta kai mil 88 a awa sai ta tsallaka zamani. Gaskiya injinta ba ƙarfi, kamfanin ma ya durƙushe a 1982, tun kafin fim ɗin ya fito. Fim ne ya tashe ta, abin da ya sa nake ƙaunarta ke nan.

"Baba, ka yi haƙuri," na ce, "DeLorean zan ɗauka."