Intel da AMD: inda suka haɗu da inda suka rabu

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne abin da wani mai shago a titin Beirut na Kano ya faɗa maka, cewa laftof mai furosesan AMD (furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta) ba za ta ɗauki manhajojin da mai Intel ke ɗauka ba. Wannan magana ba ta da tushe, domin su biyun 'yan gida ɗaya ne da ake kira x86, kuma umarni iri ɗaya suke ji.

Kamfanin Intel ne ya kafa gidan a 1978 da furosesa mai lamba 8086, sannan ya kawo tsarin 32-bit, wato ma'aunin yawan bayanan da furosesa ke sarrafawa a lokaci guda, a 1985. Amma da lokacin faɗaɗawa zuwa 64-bit ya yi, AMD ne ya riga shi a 2003, Intel kuwa ya bi sahunsa, shi ya sa za ka ga fayil an rubuta masa amd64 alhali yana aiki lafiya lau a kan Intel. Saboda haka Windows, Word da Excel ba su damu da wane tambari ke liƙe kusa da madannanka ba.

Inda suka rabu shi ne a jiki: furosesan Intel ba ya zama a gurbin na AMD, kowanne da irin allon cikin kwamfuta (motherboard) da yake hawa. Ga mai laftof wannan ba abin damuwa ba ne, tunda galibi a liƙe furosesan yake zuwa.

Abin da na fi so ka sa wa ido, musamman idan ta hannu za ka saya, shi ne shekarun na'urar. Windows mai 32-bit ba ta iya cin moriyar RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, fiye da giga 4, ko da ka ƙara mata. Windows 11 kuwa 64-bit kaɗai take zuwa, kuma a ƙa'ida tana neman Intel zubi na takwas ko Ryzen 2000 zuwa sama, ga shi Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoban 2025.

Su MacBook masu M1 da laftof masu Snapdragon su ne na wani gida daban, wato ARM, kuma sai an yi musu tafinta, wato manhajar da ke fassara musu umarni, kafin su ji manhajar x86. Kafin ka miƙa kuɗi, ka sa mai shagon ya kunna ta a gabanka, ka shiga Settings, ka duba About, ka karanta cikakkiyar lambar furosesan da idonka.