Sharhi kan nbd-client: rumbun musaya a kan netwok ga kwamfutar da ba ta da faifai

Kwamfutar da ba ta da faifai a cikinta, idan RAM ya cika, ba ta da inda za ta zube shafukan (gutsattsarin bayanan RAM) da ba ta amfani da su sai a saba ta netwok; wurin zubewar shi ake kira rumbun musaya (swap). Manhajar nbd-client, wadda Wouter Verhelst ke kula da ita, tana mayar da fili a wata saba ya zama kamar faifai, /dev/nbd0, ta tashar TCP mai lamba 10809. Tana aiki, amma da sharuɗɗa.

Ga inda gizo ke saƙar. Kafin kanel, wato zuciyar tsarin Linux, ya saki shafi ɗaya na KB 4, sai ya tura shi saba, ya kuma karɓi amsar cewa ya isa. Tura fakiti da karɓarsa duk RAM suke ci. Ana neman RAM don a samu RAM, sai na'ura ta cije, ba ta mutu ba, ba ta kuma motsi. Linux 3.6 na shekarar 2012 ya kawo gyaran Mel Gorman, wanda ya ɗora a kan aikin Peter Zijlstra: ana yi wa soket ɗin musaya, wato mahaɗarsa da saba, alamar SOCK_MEMALLOC, ya riƙa ɗiba daga ajiyar gaggawa, fakitin da aka karɓa da wannan ajiya kuma in ba nasa ba ne a yar da shi.

Haɗawa ba wuya. A loda nbd da modprobe, a kira nbd-client da sunan saba da -N da sunan filin, a ƙara -swap, sannan a shirya rumbun da mkswap, a kunna shi da swapon. Abin da -swap ke yi shi ne kulle nbd-client a RAM da mlockall da kare ta daga OOM, mai kashe manhajoji idan RAM ya ƙare. Takardar bayaninta ma ta faɗi gaskiya cewa wannan bai hana cijewa ɗari bisa ɗari ba, kuma wannan abin yabo ne.

Ajiyar gaggawar nan vm.min_free_kbytes ce ke ƙayyade ta. Bisa lissafin asali, na'ura mai GB 4 wajen MB 8 kacal take samu, sai dai in THP, tsarin manyan shafuka na kanel, ya ɗaga ta. Ga katin gigabit da fakiti ke kwarara a kai, wannan ya yi kaɗan. 65536, wato MB 64, mafari ne mai kyau. A ɗaga vm.watermark_scale_factor daga 10 zuwa kamar 100 don kswapd, mai kwashe shafuka daga RAM, ya fara shara da wuri.

Babban raunin nbd-client shi ne kariyar ta tsaya a cikin kanel. Duk manhajar da hanyar ke bi ta kanta abin tsoro ce. In aka kunna TLS don ɓoye bayanai, bayanan na ratsa wani ɗan aike da ke wajen kanel. Haka OpenVPN. Mai sabunta adireshin DHCP, wato adireshin netwok na aro mai wa'adi, shi ma idan an kwashe shafukansa zuwa saba kuma wa'adin adireshin ya ƙare, to ya rufe ƙofa da mabuɗi a ciki. Shi ya sa adireshin dindindin da keɓaɓɓen sashen netwok (VLAN) suka fi. In kuma saba ta faɗi, -persist zai sake haɗawa, amma gajeren -timeout na iya sa karatu ya dawo da kuskure, manhajar da shafinta ke can ta mutu.

Sauri kuwa, gigabit ba ya wuce MB 125 a daƙiƙa ko a takarda, kuma kowane shafin da aka nema sai ya jira zuwa da dawowa.

Don haka bai kamata nbd-client ta zama layin farko ba. A sa zram, rumbun musaya mai matse shafuka a cikin RAM, gaba da swapon -p 100, /dev/nbd0 ya biyo da -p 10, ya karɓi rarar kawai. Mai amfani da earlyoom, wanda ke kashe manhajoji kafin RAM ya ƙare, ya lura: a tsarinsa na asali sai RAM da rumbun musaya duka sun sauka ƙasa da kashi 10 yake kisa, kuma da babban rumbu a netwok na'ura za ta daɗe da sandarewa kafin nan. A ba shi -s 100 don ya daina jiran rumbun, ko a koma systemd-oomd mai duba matsin RAM da kanel ke aunawa.

Ga kwamfutocin aiki marasa faifai a netwok na kebul, nbd-client ta cancanci amfani. A kan Wi-Fi ko ta intanet, gara a sayi ƙarin RAM.