Man leɓe mai launi na haɗin gida: abin da za ki saya a Akara da abin da za ki bari a kasuwa

Hunturun Akara bai kai na Tamale ko Bawku tsanani ba, amma daga Disamba zuwa Fabrairu leɓe yana shan wuya: ya bushe, ya tsattsage, in kin yi dariya da ƙarfi har jini ya fito. A gidanmu a Nima shekara uku ke nan ban sayi man leɓe na kanti ba. Ni ke haɗa namu, mai ɗan launi, da ni da ƙannena da 'yata duk shi muke shafawa. Haɗin ba wuya, minti ashirin ya isa. Inda mata ke asarar kuɗi wajen sayen kayan ne. Abu huɗu ake bukata: mai mai daskarewa, kaki, mai na ruwa, da launi, sai kuma mazubi. Kowanne akwai zaɓi, kuma abin da ya yi wa baturiya a ƙasar sanyi ba lallai ya yi mana a nan ba.

Na fara da man kaɗe don shi Allah ya hore mana. Daga arewacin Gana, su Tamale da Wa da Bolgatanga, ake ɗibarsa zuwa Turai, mu kuwa ranar Laraba in kasuwar Nima ta cika, ga shi nan jibge a ƙwarya. Iri biyu za ki gani, mai fari-fari da mai rawaya. Ɗauki farin, domin rawayan an riga an sa masa launi, zai karkatar da jan da kike nema ya koma ruwan lemo. Kada ki saya da ido kawai. Dattijuwar da nake saye a wurinta, kafin in buɗe baki ta lakato da yatsa ta shafa min a bayan hannu. "Murza ki ji, 'yata." "To, Mma." In ya narke nan take ya bi fata ba tsakuwa, yana ƙanshin hayaƙi-hayaƙi kamar soyayyar gyaɗa, mai kyau ne. In kin ji tsami ko warin tsohon mai, ya kwana biyu, kuma a leɓe hancinki yana kusa, ba za ki jure ba. Akwai wanda aka tace a kamfani, fari fat ba ƙanshi. Ya fi tsada, kuma ban ga dalilin sayensa ba sai ga wadda ba ta son ƙanshin kaɗe ko kaɗan.

Abokin takararsa man koko ne. Gana tana cikin manyan ƙasashen duniya wajen noman koko, ana sarrafa shi a Tema da Takoradi, amma duk da haka tsantsar mansa ya fi man kaɗe tsada da wuyar samu. Ya fi tauri, sai wajen digiri 34 yake narkewa, ga ƙanshin cakulan. In kin samu, ki yi rabi da rabi da man kaɗe. Sai dai man shafawa na roba da aka rubuta koko a jikinsa ba shi ba ne, wannan da ruwa da turare a ciki. Tsantsar dunƙule yake zuwa kamar sabulu, ana ɓalle shi.

Kaki shi ne ƙashin bayan haɗin, kuma a nan nake so ki buɗe jaka. Haɗina na farko na bi awon da na gani a intanet, man kwakwa da yawa, kaki kaɗan. A ɗaki ya yi kyau. Na jefa a jakar hannu na hau trotro, motar haya, zuwa unguwar Madina wajen suna, rana tsaka, ga cunkoso. Da na sa hannu zan ciro kuɗin mota sai na ji danshi: ya narke ya malale, ya ɓata min farin mayafi da ja, har yau tabon bai fita ba. Dalilin a fili yake. Man kwakwa a digiri 24 yake narkewa, Akara kuwa da rana tana haura 30, cikin mota ya fi haka. Kakin zuma sai ya kai wajen digiri 62 zuwa 64, shi ke riƙe sauran su tsaya.

Wajen masu sayar da zuma za ki tambaya, ko masu kiwon zuma da ke kawowa daga arewa da yankin Volta. Na gaskiya yana ƙanshin zuma, in kin karya shi bakin karayar dishi-dishi yake ba sheƙi, in kin murza ɗan guntu a tafin hannu ya yi laushi ya lanƙwasu. Wanda aka gauraya da kakin kyandir santsi gare shi da ƙyalli, ba ƙanshi. A kasuwar Makola akwai kakin da masu rinin batik ke saye, yawanci gauraye yake da na kyandir, kuma ba don jiki aka yi shi ba. Ko ya fi araha ki wuce. In kakin ya zo da datti, gutsattsarin saƙa ko ƙafar ƙudan zuma, ba aibu ba ne: narka ki tace da tsaftataccen ƙyalle.

Masu sayar da kayan haɗa sabulu da man shafawa, musamman a intanet, suna kawo kakin tsiro iri biyu. Kandelila daga Meziko yake, ya fi na zuma tauri, wajen digiri 70 yake narkewa, don haka rabin awon kakin zuma ake sawa, kuma yana ba da sheƙi. Karnauba daga ganyen wani giginyar Barazil ake samunsa, sai ya haura digiri 80, shi kaɗai yana sa man ya yi tauri har ya ƙi shafuwa. Amfaninsa ɗan mitsitsi a kan kakin zuma in kina yawan yawo a rana. Ga mai farawa, kakin zuma ya wadatar. Basilin kuwa yana tare danshi sosai kuma ba tsada, amma ba ya tsayawa da kansa, sai a gwangwani, kuma launi a cikinsa yakan bi gefen baki.

Mai na ruwa ba sai na daɗe a kai ba. Man kwakwa yana ko'ina kuma ba ya saurin lalacewa. Man zaitun ma ya yi. Amma in sheƙi kike so, nemi man zurma, wanda a kantin magani ake ce wa kasto: yana da kauri, yana riƙe garin launi ya hana shi kwantawa a ƙasa, shi ya sa kamfanonin janbaki ke amfani da shi. Ni rabi kwakwa rabi kasto nake yi. Man gyaɗa bar shi a kicin, akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarsa.

Yanzu launi. Duk abin da kika shafa a leɓe, wani kaso nasa cikinki zai tafi, da shayi, da abinci, da lasa. Saboda haka launi ne kaɗai abin da ba na saye in ba rubutu a jikinsa.

Kowa da sobolo, wato zoɓo, yake fara tunani, ko garin jan gwozan nan da ake kira bitirut, don na gida ne kuma ana ci. Ni ma na gwada. Na daka busasshen sobolo, na tankaɗe sau biyu da rariya mai laushi, na zuba a narkakken mai. Garin ya kwanta a gindin kwano kamar yashi, man ya tsaya fari-fari a sama, abin da na shafa kuma ƙaiƙayi ne a leɓe ba ja ba. Jan sobolo da na gwoza a ruwa yake narkewa, ba ya narkewa a mai. In kin ce ki jiƙa shi da ruwa tukuna, ruwa da mai ba sa haɗuwa, kuma da ruwa ya shiga, fumfuna ta samu wurin zama. Kalar kek ta ruwa ma matsalarta ke nan. Zuma ita ma akwai ruwa a cikinta, sai ta tsattsafo ta rabu da man.

Manja launinsa yana bin mai, amma ruwan lemo yake bayarwa, ga ƙanshin miya. Kuma a 2015 Hukumar Abinci da Magunguna ta Gana ta gano manja a kasuwannin Akara da aka ƙara wa ja da rinin Sudan IV, wanda ba a yarda a ci ba. Kwalli kuwa kada ma ki kusanto da shi don duhunta launi, na dutse akwai dalma a ciki.

Hanya mafi sauƙi da araha: guntun janbakin da kike da shi. Wanda ya ƙare har kina ƙwaƙulo shi da tsinke, in na kamfani ne sananne kuma bai tsufa ba, yanko kamar ƙwayar wake ki narka a cikin haɗin. An riga an niƙa launinsa a mai, ba gari ba tsakuwa, kuma kin san yadda kalar ke zama a fatarki. Ga wadda za ta yi wa kanta da 'yan gida, ban ga abin da ya fi wannan ba. Amma janbakin tire da ba suna ba adireshi, mai arahar da ta wuce hankali, kada ki sa shi.

In kina son yin da yawa, sai garin launi na kwalliya. Maika gari ne mai ƙyalƙyali, yana bajewa cikin mai ba wahala, launinsa sama-sama. Garin tsatsar ƙarfe da aka tace don kwalliya, wanda jansa ke ɗauke da lamba CI 77491, ba ƙyalli amma yana kama leɓe sosai, ja mai ƙasa-ƙasa. Sai kin murje shi da 'yan ɗigon kasto a faranti da bayan cokali har ya zama kamar kwaɓin lalle, in ba haka ba ɗigo-ɗigo zai fito. Tambayi mai sayarwa kai tsaye: an rubuta na leɓe ne? Domin akwai maika na sabulu da na farce da na kyandir, kamarsu ɗaya a ido, kuma wasu shuɗi da kore da ake sawa a fatar ido ba a yarda da su a baki ba. In ya ce "duk ɗaya ne, Hajiya", ki yi masa sallama.

Akwai kuma abin da ya shafe mu Musulmi. Wani ja mai kyau da ake kira karmin, lambarsa CI 75470, daga jikin wani ƙwaro ake samunsa, kuma yana cikin janbaki da garin maika da yawa. Malamai sun saɓa a kansa. Ki duba lambar a jikin kwali, ki tambayi malaminki, ki yi abin da zuciyarki ta natsu da shi.

Game da kala, fatarmu ta fi karɓar ja mai duhu, ruwan goro da ruwan ƙasa. Ruwan hoda mai haske da farin ƙyalli kan sa leɓe ya yi toka-toka, kamar hunturun da kike gudu.

Mazubi biyu ne: ɗan gwangwani ko ɗan bututu mai murɗawa. Gwangwani ya fi yafiya, ko haɗin ya yi laushi ba zai karye ba, sai dai yatsa ake sawa, kuma hannun da ya riƙe kuɗi da ƙarfen mota ba shi ya kamata ya shiga ba. Bututu ya fi tsafta amma yana son haɗi mai tauri. Sayi sababbi. In tsoho za ki maimaita, wanke ki bar shi ya bushe ƙarau. Ƙaramin sikelin kicin mai auna giram ya fi cokali gaskiya, don kaki da mai nauyinsu ba ɗaya ba.

Awon da ya zauna min a zafin nan: kakin zuma giram 10, man kaɗe giram 10, mai na ruwa giram 12. Bututu ɗaya na cin giram 4 zuwa 5, ke nan za ki samu shida ko bakwai. Don gwangwani rage kakin zuwa giram 7. Kada ki ɗora kai tsaye a wuta: tafasa ruwa kaɗan a tukunya, ki zaunar da kwanon ƙarfe a kai, kaki ya fara narkewa, sai mai, man kaɗe a ƙarshe, sannan launi, kwatan ƙaramin cokali tukuna. Tun kafin ki fara, sa cokali ɗaya a firij. Ɗiga haɗin a bayansa, nan take zai daskare, ki shafa ki duba madubi. In ya yi laushi ƙara kaki, in launin bai fito ba ƙara kaɗan. Da kin zuba a mazubi, kai firij, domin man kaɗe in ya huce a hankali yakan yi tsaki-tsaki. Ranar da aka ɗauke wuta, ki bari sai an kawo.

Ƙanshi ba dole ba ne. Ɗigo ɗaya ko biyu na man na'ana'a ya ishi wannan awon duka, kuma in leɓen ya riga ya tsage zai yi zafi, gara a bari. Turaren jiki ba ya shiga. Man bitamin E, ƙwaya ɗaya da kika huda, yana jinkirta lalacewar mai. Rubuta ranar da kika haɗa a gindin mazubin, in ya wuce wata shida ki riƙa shinshinawa kafin ki shafa.

Ƙawaye za su gani su ce ki sayar musu, haka aka yi min a wajen biki a Mamobi. Kyauta tsakanin 'yan'uwa daban, ciniki daban. Dokar lafiyar jama'a ta 2012, mai lamba 851, ta sa kayan kwalliyar da za a sayar ƙarƙashin Hukumar Abinci da Magunguna, sai an yi musu rajista. In kina da wannan niyya, tun yanzu ki riƙa ajiye kwalin launin da kika saya da rasit ɗinsa, ki kuma buɗe littafi kina rubuta awon kowane haɗi da kwanan watansa.