Idan jinin mara lafiya ya faɗi: abin da na gani a Ingila

Yaya, gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na asibiti. Ka tambayi yadda ake yi a nan idan an kawo mutum jininsa ya faɗi, wato ƙarfin gudun jini a jijiyoyi ya yi ƙasa sosai, jiki ya yi sanyi ƙalau, numfashi sama-sama.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne saurin gano dalili. Ka fi ni sanin abin da ke jawo wannan hali: ko jini ko ruwan jiki ya ƙare, ko zuciya ta gaza, ko ƙwayar cuta ta shiga jini ta saki jijiyoyi, ko wani abu ya tare hanya, kamar iska ta taru a ƙirji ko ruwa ya kewaye zuciya. A ido kusan kamarsu ɗaya, amma ƙarin ruwan da zai ceci mai amai da gudawa shi zai cika huhun mai ciwon zuciya.

Kafin a gama cire masa riga an ɗebi jini an sa a wata na'ura da ke nan cikin sashen gaggawa, cikin 'yan mintuna ta nuna laktet, wani sinadari da ke ƙaruwa a jini idan iskar oksijin ba ta isa sassan jiki yadda ya kamata. Ya haura 2 a sa ido, ya haura 4 kowa ya tashi tsaye. Sai likita ya jawo na'urar sikanin bakin gado, ya ɗora ƙasan ƙirji ya ga ko zuciya na matsawa da ƙarfi, ya duba babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, a cike take ko ta lotse, sannan ya gangara ciki. Na ga yadda aka gano wata matashiya da cikin wajen mahaifa ya fashe mata: a hoton sikanin baƙin layin jini ya kwanta tsakanin hanta da ƙoda, nan take aka wuce da ita tiyata. Idan kuwa ana zargin ƙwayar cuta ce, akwai matakai shida da ake son kammalawa cikin awa ɗaya, ciki har da ɗibar jinin gwaji kafin allurar kashe ƙwayoyin cuta.

Ba a tura ɗan uwa kemis sayo kanula da safar hannu, ba a ce ya nemo mai ba da jini. Jini na nan a firji. Wannan ne ke sa ni ƙwalla idan na tuna gida.

Su ma da tasu matsalar: cunkoso ya yi yawa, tsofaffi kan kwana a baranda suna jiran gado. Kuma wallahi wajen awo da hannu, matsa farce a ga dawowar jini, duba jijiyar wuya, taɓa ƙafa a ji zafi ko sanyi, ban ga wanda ya fi ku ba.

Don Allah ka matsa wa hukumar asibitinku ta sayi ƙaramin sikanin da ake haɗawa da wayar hannu, a kuma ware kabad na kayan gaggawa da za a yi amfani da su kafin a yi zancen kuɗi. Zan tambayo maka farashi. A gaida min Inna.